Yaran mutanen Ruwanda da ke karatu a ƙasar wasu: ina matsalar take?

Baban Nafisa (Burusel):
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Laraba na ce bari in kawo shi nan tunda akwai malaman makaranta a cikinmu, akwai kuma masu 'ya'ya a waje. Kun san nan Beljik ranar Laraba rabin wuni yara suke yi a lakwal, wato makaranta, to da yamma nakan je wani ɗan ɗaki a unguwarmu inda ake taya yara aikin gida kyauta, ni lissafi nake kama musu. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara 15, iyayenta mutanen Ruwanda ne amma ita nan aka haife ta, yarinya mai natsuwa wlh, kayenta, wato littafin rubutunta, tsaf tsaf, kullum ita ce farkon zuwa. Wannan Larabar sai ga ta tare da babanta, da rigar aiki a jikinsa don daga nan zai wuce aikin dare, takardar sakamako a hannunsa ya nannaɗe ta har ta yamutse. An ba ta abin da suke ce ma AOB, wato ta wuce aji amma an rufe mata ɓangaren janaral wanda shi ne ke shirya yaro zuwa jami'a, an ce ta koma ɓangaren sana'a. Ita kuma tun tana ƙarama harhaɗa magunguna take son karanta.

Uban ya zauna kan kujerar yara gwiwarsa ta kusa taɓa haɓarsa, ya ce min shi ya gama jami'ar Butare tun kafin 1994, fannin noma ya yi, yau kwali yake lodi a sito da dare don takardunsa ba su yi masa aiki a nan ba. Ya ce gida da gona da shanun ubansa duk can ya baro su, abin da ya ƙetare iyaka tare da shi kawai shi ne wanda ke cikin kansa, saboda haka ba zai zuba ido ɗiyarsa ta tsaya a rabin hanya ba. Na taya shi rubuta takardar ƙorafi a wurin don kwana kaɗan ake bayarwa. To tambayata, me ya sa mutanen nan suke riƙe da karatu kamar ransu, kuma duk da haka me ke sa yaro mai ƙoƙari irin wannan ya yi tuntuɓe daidai wannan shekarun?

Malam Mai Alli (Zariya):
Wa alaikumus salam, Allah ya saka maka da alheri Baban Nafisa da wannan aiki da kake yi. Ni a ganina amsar tambayarka ta farko tarbiyya ce kawai. Mutanen Ruwanda mutane ne masu bin doka, dubi yadda suka hana leda tun 2008, dubi aikin gayya da suke fitowa duk Asabar ɗin ƙarshen wata wanda suke kira umuganda, karatun tushe ma sun kai shi shekara 12. Wanda ya fito daga irin wannan al'umma duk inda ya je zai tsare ɗansa kan littafi. Amma batun yarinyar gaskiya shekara 22 ina koyarwa, idan ka ga mai ƙoƙari ta fara zamewa a shekara 15 ka duba waya da ƙawaye, da wuya ka rasa a nan.

'Yar Antwerp:
Malam da girmamawa amma ban yarda ba. Ni nan aka haife ni, a tsarin nan na yi karatu, kuma na san wannan takardar don an taɓa ba yayana irinta. A ɓangarenmu na masu yaren Dutch har suna gare shi, suna ce masa gangaren ruwa, yaro ya fara daga sama a ASO wato janaral, ya samu matsala a darasi ɗaya ko biyu a ce ya sauka TSO na fasaha, daga nan a ce BSO na sana'a zalla, ruwa kuma ba ya komawa sama. Kuma abin da muke gani da idonmu shi ne ɗan baƙi an fi saurin ce masa ya sauka, ana faɗa maka da murmushi wai don kar ka wahala. Iyayen da suka san tsarin su kan ɗauki malamin lesin, su je makaranta su buga tebur, su san ranar da ake shigar da ƙorafi. Wanda yake lodin kwali da dare yana barci da rana fa? taron iyaye ma sai ya nemi izini a wurin aiki kafin ya je.

Malam Mai Alli (Zariya):
To 'yata, amma sana'a laifi ce? mu nan ai roƙo muke yara su koyi sana'a.

'Yar Antwerp:
Ba laifi ba ce Baba, idan yaro ne ya zaɓa. Yayana yanzu aikin wutar lantarki yake kuma yana samu Alhamdulillah. Amma shi ba a tambaye shi ba. Kuma wanda ya bi ɓangaren sana'a zalla shekara shida ba sa isar sa, sai ya ƙara ta bakwai kafin ya riƙe takardar da ke buɗe ƙofar karatun gaba, ko ya riƙe ta ma lissafi da kimiyyar da aka koya masa ba za su ɗauke shi zuwa harhaɗa magunguna ba. Hukuncin da aka yanke mata yana nufin an canza mata rayuwa tana shekara 15.

Ɗan Mbale:
Salam. Ni na yi karatu a jami'ar Musulunci da ke Mbale a Yuganda, na zauna ɗaki ɗaya da ɗan Ruwanda shekara biyu, bari in ɗan taɓa tambayar farko don ba maganar leda da shara ba ce Malam, abin ya girmi wannan gwamnatin nesa ba kusa ba. A ƙasar nan makaranta ita ce ƙofar da aka dinga rufe wa mutane bi da bi. Zamanin Turawan Beljiyam makaranta mafi daraja ita ce ta Astrida, garin da ya koma Butare yanzu kuma Huye, kuma 'ya'yan sarakunan Tutsi aka fi ɗauka, Hutu kaɗan ne ke shiga. Bayan 1959 abin ya juye. A 1973 har sunaye aka dinga liƙawa a bangon makarantu da jami'a cewa ɗaliban Tutsi su tattara su tafi, sannan zamanin shugaba Habyarimana aka zo da tsarin kaso da suke kira iringaniza, ana raba gurbin sakandare bisa ƙabila da yanki, yaro ya ci jarrabawa ya ga babu sunansa saboda katin shaidar ubansa ko saboda shi ɗan kudu ne ba ɗan arewa ba. Gurbin sakandaren kansa kaɗan ne ƙwarai a lokacin. To ka ga kusan kowane gida, ko daga wane ɓangare suke, akwai labarin kaka ko uba ko gwaggo da aka hana karatu yana da ƙwaƙwalwar yi. Uban da Baban Nafisa ya gani ba takardar 'yarsa kawai yake kallo ba, ƙofar nan yake gani ana sake turo ta.

Baban Nafisa (Burusel):
Wlh Ɗan Mbale ka taɓo wurin. Da nake karanta masa abin da majalisar malaman ajin ta rubuta hannunsa rawa yake.

Ɗan Kwari:
Shi baban Hutu ne ko Tutsi?

Baban Nafisa (Burusel):
Ban tambaye shi ba ɗan'uwa kuma ba zan tambaya ba. Shekara biyu ina koya ma ɗiyarsa lissafi ban ga inda amsar za ta ƙara min wani abu ba.

'Yar Antwerp:
Allah ya yi maka albarka Baban Nafisa. Wannan tambayar ce ta sa ƙawata ta daina ɗaga hannu a aji. Muna aji huɗu na sakandare aka zo darasin tarihi kan kisan ƙare dangin da aka yi a Ruwanda a 1994, malamin ba da mugunta ba ne na tabbata, ya juyo ya ce ai ga 'yar Ruwanda a ajinmu, ke wane ɓangare ne danginki? ajin ya yi tsit kowa ya juyo yana kallonta. Ta ce ba ta sani ba. Kuma wlh da gaske take, a gidansu ba a taɓa yi mata maganar ba, ta san dai babu kaka babu kawu babu goggo, hoto ɗaya ne a falo na wata mata da ba a faɗin sunanta. Bayan an tashi na same ta a banɗaki tana wanke fuska tana ta wankewa. Daga ranar har muka gama ban ƙara jin muryarta a darasin tarihi ba, malamin kuma ya rubuta a takardarta wai ba ta shiga cikin tattaunawa.

Kuma ku sani a Burusel duk suna nan, wanda aka kashe wa dangi da wanda ake zargin nasa dangin, a 2001 ma a garin aka yi shari'ar mutum huɗu daga Butare kan kisan 1994. 'Ya'yansu da jikokinsu makaranta ɗaya, wani lokacin benci ɗaya, kowa an ja masa kunne a gida kar ka je gidan su wane, ba a gaya masa dalili ba.

Ɗan Kwari:
Ku yi haƙuri ba da wata manufa na tambaya ba. Amma gaskiya ni abin da ke damuna daban, mu da muke da yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta, ga almajirai ga 'yan gudun hijirar Borno da Zamfara, shi ne za mu zauna muna tattauna 'yar Ruwanda da ke Turai tana cin abinci sau uku? ita ai ta tsira.

Maman Sadiq (Yawunde):
Ɗan Kwari ba duka ke Turai ba ƙanena, kuma namu ma suna kan hanyar nan. Sansanin Minawao da ke arewacinmu tun 2013 yake, yaran Gwoza da Banki da aka shigo da su a goye yanzu sun zama samari da 'yan mata. Abin da ya samu yaran Ruwanda shekara 30 da suka wuce shi ke jiran namu, gara mu kalla mu gane.

Bari in ba ku na nan Birikiteri, unguwarmu a Yawunde. Shekaru da yawa akwai wani ɗan Ruwanda mai shago a bakin layinmu, wurinsa nake sayen sukari da madara da sabulu, yana ba ni bashi in ƙarshen wata ya yi nisa. Ɗansa na fari a bayan kanta ya yi karatunsa kaf, littafi a kan buhun shinkafa, in mai saye ya zo ya tashi ya auna ya koma. Matsalar farko tun a firamare ta fara, nan ba ka zana CEP, jarrabawar gama firamare, sai da takardar haihuwa, shi kuma a hanya aka haife shi lokacin da suke gudu, babu asibiti balle takarda, sai da uwar ta yi ta zirga zirga kotu kafin aka yi masa. Ya ci CEP, ya ci BEPC ta ƙaramar sakandare, ya ci purobatuwar ta ajin kusa da ƙarshe wadda ke kayar da yara da yawa a nan, ya ci bak ɗin lissafi, wato jarrabawar gama sakandare, da sakamako mai kyau, unguwa har murna muka taya su na kai musu tuwo da miyar kuka. To daga nan fa? gasar shiga manyan makarantun gwamnati da ke kai ka ga aiki sai da shaidar zama ɗan ƙasa, shi kuma ba ɗan Kamaru ba ne a takarda, Ruwanda kuma bai taɓa taka ta ba. Na ga yaron nan da idona ya koma bayan kantar nan yana auna gishiri da bak ɗinsa a cikin leda a ƙarƙashin katifa. Ƙannensa suna kallo, na biyun ya ce min Mama in yaya da ya fi kowa ƙoƙari nan ya dawo ni me zan je yi? a aji uku ya bari.

Malam Mai Alli (Zariya):
Innalillahi. Hajiya wannan kam ba waya ba ce ba ƙawaye ba.

Ɗan Mbale:
Takarda ita ce babbar magana a Afirka. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a janye matsayin gudun hijira daga 'yan Ruwanda da suka fita tsakanin 1959 da 1998, abin ya fara aiki 30 ga Yunin 2013 aka kuma sa ƙarshen 2017 a matsayin wa'adi. A Kwango Brazzaville dubbai suka wayi gari ba su da matsayi. A Zambiya an ce za a ba su izinin zama amma sai da fasfo ɗin Ruwanda, da yawa suka ƙi zuwa karɓa saboda tsoro. Uba ya ƙi fasfo saboda abin da ya gani, ɗan da aka haifa a sansanin Meheba shi ke biya, don katin gudun hijirar nan shi ne ke ba ka damar neman tallafin karatu irin DAFI da Jamus ke ɗaukar nauyi tun 1992. Sannan ku tuna Malawi a watan Mayun 2023, aka kwashe 'yan gudun hijira daga Lilongwe da sauran garuruwa, cikinsu akwai 'yan Ruwanda da Burundi masu shaguna, aka mayar da su sansanin Dzaleka wanda aka yi don mutum dubu 10 zuwa 12 amma yana ɗauke da sama da dubu 50. Yaran da ke makarantun gari tsakiyar zango aka cire su. A duniya gaba ɗaya ma yaran gudun hijira da ke sakandare ba su kai rabi ba, masu kaiwa jami'a kuwa wajen kashi 7 cikin 100 ne a rahoton 2024, shi ya sa hukumar ta sa burin kashi 15 nan da 2030.

Maman Iman (Montreal):
Sannunku, yanzu na tashi daga aiki na karanta duka. Akwai abin da ba a taɓo ba, harshe. Nan Kebek akwai 'yan Ruwanda sosai, alaƙar ta daɗe, jami'ar Butare ɗin da baban yarinyar ya yi ma wani fada ne ɗan Kebek, Georges-Henri Lévesque, ya zama shugabanta na farko da aka buɗe ta a 1963. Iyayen da suka yi boko kafin 1994 da Faransanci suka yi, to sun zo nan ko Beljiyam ko Faransa suna iya duba littafin ɗansu su gane, wannan babbar riba ce da wasu baƙi ba su da ita. Amma a 2008 Ruwanda ta mayar da harshen koyarwa Turancin Ingilishi, shekara ta gaba ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. To yaron da aka ɗauko daga Kigali yanzu yana shekara 14 don ya zo ya haɗu da uwarsa, Kinyarwanda yake ji da Ingilishi, ya sauka nan kuma dokar 1977 ta ce ɗan baƙo makarantar Faransanci zai shiga, sai a sa shi ajin tarba ya yi shekara ko fiye yana koyon harshe yayin da sa'anninsa ke gaba da lissafi da kimiyya.

Wata abokiyar aikina a gidan kula da tsofaffi haka ta faru da ɗanta, ta bar shi wurin kakarsa yana shekara 4 ba ta samu ta ɗauko shi ba sai yana 15. Ta ce min ranar da ya sauka a filin jirgi ta rungume shi ya tsaya ƙiƙam kamar an rungumi baƙo. Yaro mai ƙwaƙwalwa ne, na ɗaya yake ɗauka a can, nan aka zaunar da shi yana koyon sunan launuka da kwanakin mako. Kafin ya kamo sa'anninsa shekara 18 ta yi, aka ce ya koma makarantar manya ya ƙarasa. Ya ƙarasa kuma, yanzu yana sejep, kwalejin da ake shiga bayan sakandare a nan, yana karanta aikin jinya, amma shekara biyu da ya yi ba ya magana da kowa a gidan ita kaɗai ta san abin da ta gani.

Baban Nafisa (Burusel):
Nan ma akwai irin wannan ajin, DASPA suke ce masa a ɓangaren Faransanci, su 'Yar Antwerp kuma OKAN. Kuma namu yaran Difa haka, waɗanda suka gudo daga Damasak da Malam Fatori da Ingilishi suka tarar da lakwal ɗin Faransanci. Wani abu kuma da na lura, su a al'adarsu ba dole ba ne 'yan gida ɗaya su ɗauki suna ɗaya, kowane yaro da sunan da uban ya raɗa masa, to yarinyar nan da ƙaninta sunansu na biyu daban kuma duk ya bambanta da na uban, ya ce min sau biyu ana tambayarsa a ofishin lakwal ya kawo shaidar cewa shi ya haife su.

Ɗan Kwari:
Amma akwai waɗanda suka yi nasara ai. Na ga wata a YouTube, Clemantine Wamariya, ta gudu tana shekara 6 da yayarta, sun yi shekara 6 suna yawo a ƙasashen Afirka bakwai, ta shiga Amurka a 2000 tana shekara 12, kuma ta gama Yale. To ita fa?

'Yar Antwerp:
Akwai su da yawa Yaya, likitoci da lauyoyi da injiniyoyi, babu mai musu. A ajinmu ma ƙawar tawa ita ta fi ni maki. Amma ni ina so ku ji ɓangaren yaron, don duk maganar nan ta iyaye ake yi. Ka dawo da 14 cikin 20 kana murna a ce ina sauran 6 ɗin. Ba ka da ikon cewa ka gaji, don me ka gani da za ka gaji, uwarka ta kwana cikin fadama tana ɓuya tana shekarunka. Ba ka da ikon cewa kana son zane ko ɗinki ko girki, likita ko lauya ko injiniya, shi ke nan. Ƙawata ta taɓa ce min ji take kamar ba ita kaɗai ke zaune a kujerar jarrabawa ba, duk mutanen gidansu da suka mutu suna tsaye a bayanta suna jiran sakamako. Wannan nauyin wani yana ɗaga shi sama, wani kuma yana danne shi, kuma wanda ya danne ba ya zuwa YouTube.

Ɗan Mbale:
Shi kansa Kagame shugaban Ruwanda da Malam ya kawo misalin ƙasarsa ɗan gudun hijira ne a aji. An fita da shi yana ɗan ƙarami, ya tashi a sansanin Nshungerezi a Yuganda, ya yi ƙoƙari har ya samu shiga Ntare da ke Mbarara wadda Museveni ma ya yi, amma bayan rasuwar mahaifinsa karatunsa ya ja baya har aka dakatar da shi, a wata makarantar a Kampala ya ƙarasa. A shekarun nan dai na 15 zuwa 18. Kuma a zamaninsu yara da yawa sai da suka ari sunayen ƙabilun Yuganda irin Banyankole ko Baganda kafin su samu gurbi, ga korar da aka yi musu a 1982 lokacin shugaba Obote. Abokin ɗakina kuwa Musulmi ne ɗan Nyamirambo a Kigali, shi nasa labarin sai ka ce na kakanninmu, makarantu a hannun mishan suke to iyayensu suka ƙi kai yara don tsoron a canza musu addini, suka ƙare a tuƙi da kanikanci da kasuwa, shi ne na farko a zuriyarsu da ya shiga jami'a kuma duk wata sai uwarsa ta kira ta ce a karanta mata makinsa ɗaya bayan ɗaya duk da ba ta san abin da darussan ke nufi ba.

Malam Mai Alli (Zariya):
Na janye maganar waya. Amma har yanzu ina nan kan cewa riƙon iyayen shi ne jarin yaran nan, in ba don shi ba da yaron Hajiya bai kai bak ba, da wannan uban bai zo da takarda a hannu ba. Abin da nake so in sani a matsayina na malami, Baban Nafisa, a wane zango makinta ya faɗi? don yarinyar da ke zuwa lesin da kanta ba ta faɗuwa haka kawai, akwai watan da abin ya karye.

Baban Nafisa (Burusel):
Malam ka yi tambayar da ni ban yi ba sai da na koma na duba kayenta. Har watan Maris lafiya lau take. Daga Afrilu ne. Jiya da ta zo karɓar littafinta na tambaye ta a hankali, ta daɗe tana wasa da zif ɗin jakarta sannan ta ce duk shekara in 7 ga Afrilu ta zo, lokacin tunawa da kisan 1994 da suke kira Kwibuka, mamanta ba ta barci, takan rufe labule ta zauna a ƙasa a ɗaki, wani lokacin sati biyu wani lokacin har Mayu. Bana abin ya yi tsanani don an aiko musu daga gida cewa an gano ƙasusuwa a wani rami a ƙauyensu ana so a je a duba tufafi ko za a gane na wani. To ita ke dafa abinci, ita ke kai ƙaninta lakwal ta ɗauko shi, ita ke zama da uwar da dare tunda uban yana sito. Intero, wato gwajin aji, na lissafi biyu da na kimiyya ɗaya ta rasa a watan, ta ce ma mushen, wato malamin, ba ta da lafiya, ya ce ta kawo takardar likita, ba ta da ita, aka sa mata sifili. Na ce me ya sa ba ki gaya musu gaskiya ba? ta ce Tonton in na faɗa za su turo mutane gidanmu su ce mama ta haukace.

Maman Sadiq (Yawunde):
Allah sarki 'yar nan. Wlh hawaye nake. Uban ya san da wannan?

Baban Nafisa (Burusel):
Ya san matarsa ba ta da lafiya a Afrilu, bai san ɗiyar ta rasa intero uku ba. Takardar da muka rubuta ranar Laraba babu wannan a ciki ko kaɗan, maki kawai muka yi ta jayayya a kai.

Maman Iman (Montreal):
To a sake rubutawa mana in da sauran lokaci. Ba sai an zayyana sirrin gidan ba, likitan unguwa zai iya ba da takarda cewa akwai rashin lafiya a gida a wannan watan kuma yarinyar ce ke jinya. Amma don Allah a fara neman izinin uwar, ciwonta ne, kar ta ji labarinta ya je makaranta ba da saninta ba.

'Yar Antwerp:
In makaranta ta ƙi a ƙorafin cikin gida akwai na biyu da ake aikawa waje, majalisa ce daban ba malamanta ba, shi ma da wa'adi don haka kar a yi sanya. Kuma akwai wata hanyar, mai AOB yana da ikon ya ce shi zai maimaita ajin a janaral maimakon ya sauka. Shekara ɗaya za ta tafi amma ƙofar tana buɗe. Sai dai a tambaye ta ita, a tambaye ta ba a gaban babanta ba, har yanzu magungunan take so ko tun tana shekara 7 aka ce mata shi take so? in shi ne to maimaitawa ba komai ba ce, ni na san waɗanda suka maimaita suka gama jami'a. In kuma ba shi ba ne gara a sani yanzu.

Baban Nafisa (Burusel):
Na kira uban yanzu kafin ya shiga aiki, na gaya masa maganar intero ukun. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce zai yi ma matarsa magana da safe in ya dawo, in ta yarda Litinin za su je wurin likita tare. Maganar maimaitawa ya ce shi ya yarda ko shekara biyu ce. Na ce masa a bari yarinyar ta faɗi nata tukuna, ya ce to. 'Yar Antwerp in ba damuwa zan tambaye su ko in haɗa ku a waya ke da ita, ta fi sakin jiki da wadda ta bi hanyar nan fiye da ni.

'Yar Antwerp:
Ba damuwa Baba, in sun yarda ka turo min ta akwatin sirri. Lahadi bayan la'asar ina gida, in ma ta fi son mu haɗu ido da ido jirgin ƙasa bai kai awa ɗaya ba zuwa Burusel, zan zo.